Saƙo Uku Zuwa Madatsa

Mun tashi da asuba daga unguwar Firchin a Jega, ko in ce mun tura da asuba, domin motar Alhaji ba ta amsa makulli sai ta ga mutane sun yi gumi. Mu uku ne: Alhaji mai ƙanƙara, wanda motar tasa ce kuma shi ke tuƙi, yayana, manomin albasa a fadamar Kimba, sai ni, malamin makaranta, da aka cusa cikin tafiyar saboda an ce na iya Turanci. Na huɗunmu, Sarkin ruwa, yana jiranmu a wani ƙauye gab da Maiyama.

Ga wanda bai san zancen ba, akwai wata 'yar madatsa can sama da mu, a kan wani reshe da ke zuba cikin gulbinmu. An sa mata injin wutar lantarki. Kullum da la'asar ana buɗe ƙofar ruwa don injin ya juya, mu mutanen gari mu ga haske. Kashegari da hantsi wannan ruwa yakan iso Kimba, ya haye gaɓa, ya kwanta cikin fangulan albasa. Ita kuwa albasa, in ta kusa cira, yanke mata ruwa ake yi. Sai ta sha ƙishirwa, lawashinta ya kwanta, wuyanta ya bushe, sannan za ta iya zama cikin rudu, rumbun ajiyarta, har damina ba ta ruɓe ba. Albasar yayana ta kai wannan mataki, ya janye injin ban-ruwa ya kai gida, amma madatsa ta ci gaba da yi masa ban-ruwa kyauta kowace safiya. Ga shi kuma an ce za a ƙara wuta saboda azumi. Noman shekararsa ke nan gaba ɗaya, kuma da irin wannan noma ya riƙe gida lokacin da ni aka tura ni boko.

An yi taro a ƙofar gidan hakimi kafin tafiyar. An gaisa, an tambayi iyali, an tambayi sanyin da ya wuce da zafin da ke tafe. Wani dattijo ya ce maganar madatsan nan ta isa a je a ga masu ita. Kowa ya ce haka ne. Aka zaɓi wakilai, aka ce ni ne bakin tawaga, aka shafa fatiha. Ban lura ba sai daga baya cewa babu wanda ya faɗi abin da za a je a ce. A wurinmu mai mutunci ba ya bayyana bukatarsa a bainar taro. Yakan jira a naɗa wakili, sannan ya ja shi gefe.

Hanyar Maiyama ba ta da laifi in mutum bai ƙwallafa rai a kan kwalta ba. Tun da aka ba mu jiha ake ta fenti. Kowane allo na gefen hanya an shafe sunan tsohuwar jiha an rubuta sabuwa, amma fentin ya yi ruwa, har tsohon sunan yana leƙowa ta ƙarƙashi kamar mai son a gaisa. Ramukan hanya dai ba a sake musu suna ba. Alhaji yana tuƙi irin na wanda ya san da kuɗinsa ya sayi mai: in ya ga gangara, ko da ta kai tudun tabarma ce, sai ya kashe mota mu sulala shiru, jakuna masu kayan kara suna wuce mu suna kallo.

Sarkin ruwa dattijo ne siriri, baƙi, mai idon da ya saba da ƙyallin ruwa. Ya sa aka kawo mana kunun tsamiya da ƙosai mai zafi, abin da ya fi komai daɗi a duk tafiyar, watakila don shi kaɗai ne bai zo da sharaɗi ba. Ina tsakiyar ci ya taɓa mini gwiwa, ya yi gaba. Na bi shi har bayan wani rumbu.

"Malam, in munka kai, ka ce ma yaron ga mai madatsa gulbi ba famfo na ba," in ji shi. "Ruwa shi taho da sahe, 'yan kifi su biyo shi bisa rairai, rana ta take shi janye, su bushe. Balbela ɗai ka gode mai. Shi sako muna kaɗan-kaɗan, dare da rana, kak shi rufe, kak shi wangale. Amma kak ka ce ni nac ce."

Na ce in sha Allahu. Saƙo na farko ke nan.

Daga nan muka juyo, muka sake ratsa Jega, garin da muka baro da asuba. Masu shayin da suka yi mana Allah ya kiyaye hanya suka yi mana sannu da zuwa. Muka ratse Kimba don yayana ya ɗauki buhun albasar da za a kai wa injiniyan madatsar gaisuwa, tun da ba a zuwa wurin babba hannu sake. Na sauka na duba gonar. Fangulan sama sun yi kyau, lawashi ya kwanta, ƙasa ta tsattsage. Na tsakiya da damshi. Na ƙasa kuwa, in ka taka, takalminka ne zai zauna a can. Yayana ya tsaya kusa da ni yana kallon gulbi, ba ni ba.

"Ka gani da idonka, ɗan boko," ya ce. "Ka ce ya rufe. Ruf. Hal in cire. In ruwan ga ya ƙara hawa na tsakiya, bana sai dai mu ci gabu."

Gabu, ga wanda ba ɗan nan ba, busasshen lawashi ne da ake dakawa a dunƙule don miya. Abu ne mai kyau, amma ba a aurar da 'ya da shi. Saƙo na biyu ke nan.

Aka cusa buhun a bayan mota. Motar irin mai dogon bayan nan ce da kaya da mutane ke shaƙar iska ɗaya, kuma gilashin baya ya daina sauka tun zamanin tsohuwar jiha. Kafin mu kai Aliero rana ta yi sama, wani wari ya fara tasowa, irin wanda ba ya sallama. Alhaji ya zargi ledar kifin da Sarkin ruwa ya riƙo. Sarkin ruwa ya ce kifinsa ya fi wasu Alhazai wanka. Yayana ya ƙura wa taga ido.

Aliero a wannan lokaci gari ne da albasa ta ci da yaƙi. Buhuna jere a bakin hanya har sun tare ƙofar masallaci, manyan motocin kudu sun yi layi, dillalai suna sa hannu cikin rigar juna suna ciniki da yatsu. Bayan gari kuwa ruduna ne sababbi, an yi musu rufin ciyawa, suna jiran kaya. Gidan mai a rufe, kamar yadda aka saba, mai gidan man yana zaune a inuwa yana kallon 'yan bumburutu suna sayar da abin da ya ce ba shi da shi. Kuɗin galan ɗaya ya kusa kai abin da nake sayen alli na zango guda. Muka ci balangu a wurin wani mahauci wanda, bisa al'adar garin, ya ba mu albasa da ɗan nama a kai.

Ana zuba mai Alhaji ya kama hannuna, ya zagaya da ni bayan wata tirela.

"Malam, kai mai ilimi na, ba sai an yi ma dogon bayani ba. Azumin bana cikin zahi za a yi shi. Firijina ukku, ba su daskarar da komi, sai dai su jiƙa. Ka ce a wangale ƙofar nan duka, a ƙara muna wuta. Ba don ni ba hwa, don al'umma. Tsoho ya kai azumi ya sha ruwan ɗumi, wannan adalci na?"

Na ce in sha Allahu, domin ita ce kalmar da ta rage mini. Saƙo na uku ke nan. Na koma mota da rufe, da wangale, da kaɗan-kaɗan, duk a baki ɗaya, kuma kowane daga cikin masu saƙon ya tabbata sauran biyun sun zo mara masa baya ne. Na taɓa koyar da aji mai yara fiye da kujeru, na taɓa raba faɗan iyaye a ranar ba da sakamako, amma ban taɓa jin haushin ladabin mutanenmu kamar ranar nan ba. Da mutum ɗaya ya buɗe baki a ƙofar hakimi, da mun yi faɗanmu a gida, a inuwa, ba tare da an sayi mai ba.

Daga Aliero muka bar kwalta muka kama hanyar ƙasa. A kan wannan hanya, tsakanin rami da rami, na shirya dabarata. Babu mai jin Turanci a motar sai ni. Zan tsaya gaban injiniya in faɗi saƙon yayana shi kaɗai, da Turanci mai nauyi, in riƙa nuna Alhaji da Sarkin ruwa da hannu, su kuma su riƙa gyaɗa kai. Har na tanadi jimlar buɗewa, mai gaɓa uku, wadda ko mai duba makarantu zai yi mata maki.

Madatsar ba ta kai labarinta ba. Bango ne na kankare tsakanin tudu biyu, a bayansa tabki shimfiɗe da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna tsaye a ciki. A can gefe Fulani suna shayar da shanu, mata suna wanki. Ƙarƙashin bangon akwai ɗaki mai rufin kwano inda injin yake, yana gurnani kamar mai ciwon haƙori. Injiniyan ya fito yana share hannu da tsumma, matashi ne dogo, da silifa. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiyar marke. Bayan gaisuwa na miƙe, na gyara hula, na saki jimlata. Ya saurara har na kai aya.

"Malam, Turancinka ya fi nawa," ya ce, da Hausar da ta fi tawa gishiri, irin ta mutanen Yawuri. "Amma baƙina huɗu ne. Mu yi da Hausa kowa ya ji."

Na zauna. Na dubi mutum ukun, kowa ya ɗan ɗaga mini gira, alamar ka tuna abin da muka yi da kai. Sai na ga ba ni da sauran wurin ɓuya, kuma gaskiya na gaji. Na ce ranka ya daɗe, yayana yana so ka rufe ƙofa ruf, Alhaji yana so ka wangale ta duka, Sarkin ruwa yana so kada ka yi ko ɗaya, kuma kowannensu ya ce kada in ce shi ya ce.



"Rufewa?" in ji Alhaji, ya juya ga yayana. "Da motata, da maina, anka zo a kashe min wuta?"

"To ni na san ƙanƙara kaz zo nema? Na ɗauka taimako kaka yi."

"Ku bari," in ji Sarkin ruwa. "Ɗaya na son gulbi shi mutu da ƙishirwa, ɗaya na son shi yi amai."

Injiniya bai yi dariya ba, ko da yake na ga ya sha wahala kafin ya hana kansa. Ya tashe mu ya kai mu kan bango, ya nuna mana zanen da ruwa ya bari a kankare, kowane zane ƙasa da na jiya. Ya ce abin da ke cikin tabkin nan shi zai kai mu har ruwan sama ya sauka. In ya wangale, kafin salla sai laka, ba wuta, ba kifi, ba wurin shayar da shanu. In ya rufe ruf, asibitin garinmu zai rasa sanyin ajiye magani, gulbi ya tsinke, ruwan kuma ya koma baya ya hau 'yan gonakin mutanen da aka riga aka tasa sau ɗaya lokacin gina madatsar. Ya ce shi ma yana da saƙo na huɗu, daga sama, cewa a ƙara wuta da azumi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ya ce, da zuciya ɗaya, ya ɗauka ruwan la'asar ɗin nan alheri yake yi wa manoma, ganin rani ne. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya masa ana hana albasa ruwa da gangan. Yayana kuma, a nasa ɓangaren, ya ɗauka gulbi ƙofar zaure ce, a rufe a tafi da makulli. Mutum biyu suna aiki da ruwa ɗaya shekara da shekaru, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Muka koma tabarma ba a cimma komai ba. Alhaji ya kafe, yana maganar tsofaffi masu azumi kamar shi ya haife su. Don a sassauta zance na ce a kawo gaisuwar injiniya. Aka sauke buhu, injiniya ya ce a juye a kan tabarma ya raba wa ma'aikatansa. Na ga fuskar yayana ta canza, amma kafin ya yi magana an kama gindin buhu an ɗaga.

Na sama suka gangaro, jajaye, masu ƙyalli, wuya a bushe. Sannan na ƙasa suka biyo, ba da gangara ba, da saɓule. Yayana ya cika buhun kyauta yadda hannunsa ya saba cika buhun kasuwa: masu kyau a baki, na fangulan ƙasa a gindi. Waɗannan sun sha ruwan madatsa kwana da kwanaki, sannan suka yini cikin motar da gilashinta ba ya sauka. Har ma'aikatan suka ja da baya. Ban taɓa ganin yayana ya ji kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin kunya ta yi wa mutum aiki irin wannan ba.

Sarkin ruwa ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ya matsa wuyanta, ruwa ya tsiyayo. Ya miƙa wa Alhaji.

"Ga kifina da kaka zagi tun Kimba. Wutar shekaranjiya ta, Alhaji. Shaƙa."

Alhaji bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon tabarmar, ya rufe hanci da bakin rawani. Sannan ya tambayi yayana ko fadamar duka haka za ta yi.

"Tun daga Kimba hal Fagada, in an ƙara ruwa."

Na ga Alhaji yana lissafin da ba a koyarwa a makaranta. Ya san su wa ke sayen ƙanƙara da lemun kwalba in an sha ruwa, ya kuma san da me suke saye. Ya ce, cikin muryar wanda ake cire wa haƙori, wanda albasarsa ta ruɓe ba ya shan sanyi. A yi yadda tsohon nan ya ce, amma zuwa tsakiyar azumi kawai, in an cire albasa a mayar masa da wutarsa.

Injiniya ya amince zai riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan dare da rana. Ya gargaɗe mu cewa injin ba zai ba da wutar kirki a haka ba: asibiti farko, unguwanni kuma bi da bi, abin da ya samu. Shi zai san abin da zai gaya wa na sama. Abu ɗaya ya roƙa, mu gaya wa mutanen gari da bakinmu dalilin duhun, kada a zage shi a banza. Dukanmu muka ce in sha Allahu.

A dawowa motar Alhaji ta mutu sau da yawa fiye da zuwa, kuma duk inda ta mutu ni da yayana yake kallo. Sarkin ruwa, wanda shi kaɗai ya samu abin da ya zo nema, ya yi barcinsa a gaba har Jega, inda ya hau motar Maiyama. Muka shiga Firchin ana kiran magariba. Uwargida ta dubi ƙwan lantarki, wanda ya yi ja kamar garwashin da aka manta, ta dube ni, ta ce an aike ni gyaran wuta na dawo da duhu.

Yanzu azumi ya kusa rabi. Fankata tana tsaye, ina gyaran littattafan yara da fitilar ƙwai, muna buɗa baki da ruwan randa. Har zuwa jiya, cikinmu huɗu babu wanda ya gaya wa gari komai. Kullum bayan la'asar ana tsine wa masu madatsa a ƙofar masallaci, Alhaji ne ke ja, yana yi yana kallona. Jiya dai na kasa daurewa, na miƙe na faɗi yadda aka yi. Ba a gode mini ba, amma an sauya wanda ake zagi, kuma ina ganin injiniya ya cancanci wannan hutu.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Gulbin nan ɗaya ne, masu shi sun fi shi yawa, kuma wanda aka ba makullin ƙofarsa ba zai san abin da ruwa ke yi a ƙasa ba sai an hau an gaya masa, da Hausa, kowa yana ji. Na kuma yi wa kaina alkawari, duk taron da aka ce haka ne kafin a ce mene ne, ba za a shafa fatiha da ni ba.

Yayana ya cire albasarsa. Fangulan ƙasa sun tafi, na tsakiya da na sama suna cikin rudu. Shekaranjiya ya zo shan ruwa da kwando a bayan keke, ya ajiye a zaure, bai ce komai a kai ba, ya sha ruwan ɗumi ya ce madalla. Da ya tafi na ja kwandon kusa da fitila, na zazzage shi har gindi. Duk masu kyau ne.